Me ya sa waya ke kasa auna gudun jirgin ƙarƙashin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a Alkahira, kuma kusan kullum ina hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na ɗaya, daga wajen Helwan zuwa tsakiyar gari. Na sa manhajar auna gudu a wayata. Tun daga Helwan tana nuna lambobi masu ma'ana, amma da zarar mun wuce tashar Sayyida Zainab sai ta tsaya a sifili, wani lokaci kuma ta yi tsalle ta haura kilomita 200 a awa. Wayar ce ta lalace ko manhajar? Kuma akwai hanyar da zan san ainihin gudun jirgin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma sauya manhaja ba zai gyara komai ba, domin matsalar tana ga hanyar da jirgin yake bi. Layi na ɗaya na Alkahira, wanda aka buɗe a 1987, mafi yawansa a saman ƙasa yake tafiya, sai a tsakiyar gari ne yake nutsewa cikin rami, inda tashoshin Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasser, Urabi da Shuhada suke. Wurin da ka ga lambobin sun rikice shi ne daidai wurin da sararin sama ya ɓace wa wayar.

Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ke gudanarwa kuma manhajarka ke dogara da su, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma kowannensu yana watsa saƙon rediyo da ke ɗauke da lokaci da bayanin inda yake. Wayar ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi, kuma tana buƙatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa matsayinta: uku domin gano wuri, na huɗu domin gyara kuskuren agogonta. Saƙon yana tasowa da ƙarfin 'yan gomomin wat ne kacal, saboda haka kafin ya iso doron ƙasa ya yi rauni har ya fi hayaniyar rediyon da ke kewaye da shi ƙanƙanta, sai da dabarar lissafi ake tsamo shi. Abin da rufin kwano ko benen kankare ke iya raunanawa, babu yadda za a yi ya ratsa mitoci na ƙasa da ƙarfe da siminti. Wayoyin zamani suna kuma sauraron taurarin GLONASS na Rasha da Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin, amma duk daga sama suke zuwa, kuma rami ɗaya ne ke toshe su baki ɗaya.

Inda mutane da yawa suke kuskure shi ne zaton cewa waya tana samun gudu ta hanyar raba tazarar wuri biyu da lokaci. Wasu manhajoji suna yin haka, amma na'urar GPS da ke cikin wayar tana da hanyar da ta fi wannan inganci nesa ba kusa ba, wato sauyin Doppler. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi motar asibiti ta wuce da jiniya ya san yadda ƙarar ke yin siriri tana tahowa, ta yi kauri bayan ta wuce. Haka igiyar rediyo take. Babban zangon GPS yana kaɗawa sau miliyan 1,575.42 a daƙiƙa, tsawon kowace kaɗawa kuwa kimanin santimita 19 ne, don haka duk mita ɗaya a daƙiƙa da ka matsa zuwa wajen tauraro tana ƙara kaɗawa kusan 5 a kan abin da wayar ke ji. Jirgi mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a daƙiƙa, wanda sauyinsa bai wuce kaɗawa 117 ba, kuma wayar tana iya ware shi daga sauyin da tafiyar tauraron kansa ke haifarwa, tun da ta san inda tauraron ya dosa. Wannan ne ya sa, a fili, gudun da waya ke nunawa ya fi matsayin da take nunawa zama abin dogaro: tana iya kuskuren wuri da mitoci da dama, alhali kuskurenta a gudu bai kai kilomita ɗaya a awa ba idan saƙon yana da kyau. Lambobin da kake gani daga Helwan zuwa Sayyida Zainab kana iya yarda da su, musamman idan kana kusa da taga, domin jikin tarago ƙarfe ne, yana tare rabin sama.

Sifilin da kake gani a rami ma'anarsa babu labari, manhajar ce ta rasa abin nunawa. Tsallen kilomita 200 kuwa yana da wani dalili dabam. Idan taurari suka ɓace, wayar takan koma kintacen wuri da turakun sabis da na'urorin Wi-Fi da take jiyowa, kuma wannan kintace yana iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci. A ce ta ɗauka kana nan, bayan daƙiƙa 5 ta canza shawara ta ajiye ka mita 300 gaba. Manhajar da ke raba tazara da lokaci za ta ba ka mita 60 a daƙiƙa, wato kilomita 216 a awa, ko da jirgin yana tsaye ana ɗaukar fasinja.

Za ka ci karo da manhajojin da ke iƙirarin auna gudu ba tare da tauraro ba, ta amfani da na'urar jin motsi da ke cikin waya, wadda ke juya allo idan ka karkata shi. A ƙa'ida abin mai yiwuwa ne, domin idan ka san yadda jirgi ke fizga a kowace daƙiƙa, kana iya tarawa ka sami gudu. A aikace ban ba su muhimmanci ba, kuma ga dalilina. Na'urar ba ta bambanta fizgar jirgi da jan da ƙasa ke yi wa kowane abu, wanda ya kai mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan wayar ta karkace da digiri ɗaya tak ba tare da manhajar ta sani ba, kimanin mita 0.17 daga cikin 9.8 ɗin nan zai shiga lissafi a matsayin fizga, kuma cikin minti ɗaya kuskuren zai taru ya kai mita 10 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 37 a awa. Hannun mutum a tarago mai cunkoso ba ya riƙe digiri ɗaya, layin dogon ma yana hawa da gangara. Jirgin kansa ba da irin wannan yake dogara ba: yana ƙirga juyawar ƙafafunsa, sannan a tsarin sigina na zamani yana gyara ƙirgar da ƙananan na'urorin alama da ake dasawa tsakanin ƙarafan dogo, waɗanda aka san matsayinsu daidai.

Hanyar da nake ba ka shawara ita ce ta agogo da taswira. Ka auna tazarar tashoshi biyu a taswirar wayarka tun kana waje, kana bin lanƙwasar layin gwargwadon iko, sannan ka danna agogon ƙirga daƙiƙa lokacin da jirgi ya motsa, ka tsayar da shi lokacin da ya tsaya cak. A matsayin misali, idan tazarar mita 1,200 ce kuma tafiyar ta ɗauki daƙiƙa 90, matsakaicin gudu mita 13.3 ne a daƙiƙa. Ka ninka da 3.6 ka sami kilomita 48 a awa. Idan ƙololuwar gudun kake so, sai ka lura da tsawon lokacin da jirgin ya yi yana ƙara wuta da wanda ya yi yana taka birki, jikinka ma zai gaya maka. Ka haɗa su biyun, ka raba biyu, ka cire daga jimillar lokacin. Idan kowanne daƙiƙa 25 ne, saura 65 ke nan, kuma 1,200 a raba da 65 ya ba da mita 18.5 a daƙiƙa, kusan kilomita 66 a awa.

Kana da wata dama da mai hawa layin da ke rami tun daga farko har ƙarshe ba shi da ita. Ka fara gwada wannan lissafi a tashoshin saman ƙasa, inda za ka iya kwatanta shi da abin da GPS ke nunawa, har ka ga girman kuskurenka, sannan ka ɗauke shi zuwa cikin rami. Manhajar GPSTest ta Android tana nuna adadin taurarin da wayar ke amfani da su a kowane lokaci, kuma idan ka buɗe ta kafin Sayyida Zainab za ka ga suna zubewa har babu ko ɗaya. Idan jirgin ya sake fitowa fili a wajen tashar Gamra, ka ba wayar 'yan daƙiƙoƙi ta sake kama taurarin kafin ka rubuta lambar farko da ta nuna.