Wai Sloveniya na raba wa dogayen 'yan ƙwallon kwando fasfo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Koci. Ni uba ne daga Zariya. Ɗana yana da shekara 19, tsayinsa mita 2 da santimita 4, yana buga ƙwallon kwando tun yana sakandare. Wani mutum ya neme shi ta Instagram ya ce shi ejan ne, wai Sloveniya ƙaramar ƙasa ce, ba ta da dogayen 'yan wasa, shi ya sa take ba baƙi fasfo su buga mata tare da tauraronta Luka Doncic. Ya turo takardar gayyata, ya ce mu biya naira miliyan 5 na biza da gwaji, kuma a sake wa yaron takardar haihuwa ya koma shekara 15 don a lissafa shi ɗan gida. Mahaifiyarsa har ta fara maganar sayar da filinta. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron kada in toshe wa yaro arzikinsa. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada a sayar da filin nan, kada a tura ko kwabo, kuma kada kowa ya taɓa takardar haihuwar yaron. Babu arzikin da kake toshewa. Mutumin nan ɗan damfara ne, sai dai irin wanda ya ɗan yi karatu, ya tsinci guntun gaskiya ya naɗe ƙaryarsa da ita. Su ne suka fi wahalar da mu.

Gaskiyar da ya tsinta ita ce Sloveniya ƙarama ce. Mutanenta miliyan 2 ne da ɗoriya kaɗan, faɗin ƙasarta kuma kusan daidai yake da na jihar Kano. Gaskiya ne kuma sun jima suna fama da ƙarancin dogon ɗan wasa na ƙarƙashin kwando, kuma sun ba wasu Amurkawa takardar zama 'yan ƙasa don toshe wannan giɓi. Iyakar gaskiyarsa ke nan.

Ƙarantar ƙasa ba ƙarantar wasa ba ce. Wannan tawagar ce ta ɗauki kofin Turai a Istanbul a 2017 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba a wasa 9. Ta lallasa Sifaniya 92 da 72 a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Sabiya 93 da 85 a na ƙarshe, Goran Dragic shi kaɗai ya zuba maki 35, alhali Doncic, mai shekara 18 a lokacin, ya gurɗe ƙafa ya fita tun a zango na uku. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 maki ɗaya ne ya raba su da wasan ƙarshe: Faransa na da 90 su suna da 89, Klemen Prepelic ya kutsa ya ɗaga ƙwallo zuwa kwando saura daƙiƙu, Nicolas Batum ya biyo shi ta baya ya maƙale ƙwallon a jikin allo. Suka ƙare na huɗu. To, mutanen da suke wannan matakin ne za su zauna suna laluben yaro a Instagram?

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, domin kusan kullum sai wani ya kawo mini wannan zance da sunan wata ƙasa daban, yau Sloveniya, gobe Jojiya, jibi Montenegro. Dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ce a cikin 'yan wasa 12 da ƙasa za ta shiga gasa da su, mutum ɗaya tak aka yarda ya zama wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasar bayan ya cika shekara 16. Ɗaya. Ko gwamnatin ƙasar ta ba baƙi ɗari fasfo, ɗaya ne zai sa riga ranar wasa. Kujera guda ce, kuma ita ce mafi tsada a tawagar, don da ita ake gyara raunin da gida ya kasa gyarawa.

Duba waɗanda suka zauna a kanta. A 2017 Anthony Randolph ne. Ƙungiyar Golden State ta zaɓe shi na 14 a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2008, ya yi shekara shida a NBA, kuma lokacin da Sloveniya ta neme shi yana Real Madrid, ɗaki ɗaya suke sauya kaya da Doncic. A 2021 Mike Tobey ne, mai tsayin mita 2 da santimita 13, yana buga wa Valencia ta Sifaniya. A 2024 Josh Nebo ne, bayan ya nuna kansa a EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, da ƙungiyar Maccabi Tel Aviv. Babu ɗaya a cikinsu da ya biya kuɗin gwaji. Babu wanda aka ɗauko don a koya masa wasa. Hukumar ƙwallon kwandon ƙasar ce ta bi su, ta lallashe su, sannan gwamnati ta amince ta hanya ta musamman da dokarsu ta tanada ga wanda ƙasa ke ganin za ta amfana da shi. Baƙo gama-gari kuwa sai ya yi shekara goma yana zaune a ƙasar, ya kuma ci jarrabawar harshensu.

Aikin da ake ɗaukar mutum dominsa ma ba tsayi ba ne kawai. Dogon da zai buga da Doncic sai ya san daƙiƙar da zai fito ya tsaya ya tare masa mai gadinsa, ya san ta wace kafaɗa zai juya ya nufi kwando, ya cafke ƙwallon da aka wurgo masa ba tare da an kalle shi ba, sannan ya koma baya da gudu ya tsare kwandonsu daga irin su Nikola Jokic da Giannis Antetokounmpo. Kuma ka yi haƙuri da wannan, Malam: mita 2 da santimita 4 dogo ne a Sabon Gari, amma a Turai mai wannan tsayin ana sa ran ya iya jan ƙwallo, ya iya jifa daga nesa, ya iya gadin gajere mai sauri. Doncic da kansa ya haura mita 2, kuma shi ne mai raba ƙwallo.

Sai maganar rage shekaru, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Mutumin ya ji labarin shekara 16 ɗin nan, shi ya sa ya ce a mayar da yaron 15. To dokar ba cewa ta yi wanda ya shiga ƙasar kafin 16 ba. Cewa ta yi wanda ya riga ya mallaki fasfon ƙasar kafin 16. Wace gwamnati ce a Tarayyar Turai za ta miƙa wa baƙon yaro fasfo cikin 'yan watanni, ba uwa ba uba a ƙasar, ba wanda ya taɓa ganin wasansa? Bayan haka akwai wata dokar FIBA da ta hana ɗan wasa sauya ƙasa zuwa wata ƙungiya kafin ya cika 18, sai da izini na musamman daga hukumar bayan ta binciki makarantarsa da masaukinsa da wanda zai riƙe shi. Ka ga da shekarunsa na gaskiya, 19, yana da 'yancin sa hannu a kwantiragi da kowace ƙungiya a duniya. Da na ƙarya ya koma ƙaramin yaro wanda doka ta ɗaure. Wato za ku biya kuɗi a rufe masa ƙofar da take buɗe.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Yaron yana da lambar NIN, yana da sakamakon WAEC ko NECO, mai yiwuwa yana da BVN, duk ɗauke da ranar haihuwarsa da hoton yatsunsa. Ranar da aka kama saɓani a ofishin jakadanci, ba biza kawai za a hana shi ba, sunansa zai shiga kundin masu takardun jabu, kuma ƙasashen yankin Schengen na Turai, wanda Sloveniya ke ciki tun 2007, rumbun bayanan biza ɗaya suke amfani da shi. Shi ejan ya kashe wayarsa ya sauya suna. Ɗanka ne zai rayu da tabon.

Abin takaici shi ne ba baƙi kaɗai ke yaɗa wannan cuta ba. Akwai masu kiran kansu koci a filayenmu da ke gaya wa yara a fili cewa kowa yana ragewa, wanda bai rage ba wawa ne. Ɗan shekara 22 ya shiga gasar 'yan ƙasa da 16, ya yi ta tattake yara, a tafa masa, ya ɗauka ya iya. Ranar da ya haɗu da sa'anninsa sai a ga ko jan ƙwallo da hagu bai koya ba, don bai taɓa buƙata ba. Shi ya cutu, yaron gaskiya da aka hana gurbi shi ma ya cutu. Iyaye kuma suna sa hannu suna cewa ai taimako ne. Ƙarya ce da rantsuwa a gaban kotu, kuma mun san hukuncinta tun kafin a zo maganar FIBA.

Sloveniyar da ake ruɗar ku da sunanta ba da baƙi ta gina kanta ba. Gadon makarantar Yugoslabiya ne, tsohuwar ƙasar da Sloveniya ke cikinta a da, wadda ta ɗauki kofin duniya na 1970 a Ljubljana, babban birnin Sloveniya, da ɗan Sloveniya, Ivo Daneu, a matsayin kyaftin. Yara suna shiga ƙungiyoyi irin su Olimpija da Krka tun suna firamare, a yi ta maimaita musu taku da miƙa ƙwallo har su gaji. Doncic ɗan tsohon ɗan wasa ne, kuma yana da shekara 13 Real Madrid ta ɗauke shi, a 2012. Ko da duk wannan, zakarun Turai na 2017 sun kasa samun gurbi a kofin duniya na 2019, saboda FIBA ta tsara wasannin share fage a tsakiyar kakar NBA da EuroLeague, manyan 'yan wasansu ba su samu zuwa ba. 

Ka buɗe takardar gayyatar nan ka duba da kyau. Yawancin irinta da ake nuna mini tambarin hukuma ne da aka kwafo daga intanet har ya dushe, adireshin imel na Gmail, ba sunan ƙungiya, ba ranar gwaji, ba filin da za a yi, asusun da za a biya kuma na wani mutum ne a bankin Najeriya. Tawagar ƙasa ba ta yin gwajin kowa-ya-zo. Ka tambaye shi cikakken sunansa da lambar lasisinsa, FIBA tana wallafa sunayen ejan-ejan da ta ba lasisi a shafinta. Ejan na gaskiya yana samun kasonsa ne bayan an sa hannu a kwantiragi, bisa al'ada kashi 10 cikin 100, ba daga filin uwar yaro ba. Ƙungiyar da take son ɗan wasa ita ke sayen tikiti ta ba da masauki. Banza ba ta kai zomo kasuwa, amma a harkar nan mai saye ne ke biya. Ka adana saƙonninsa da lambar asusun ka kai wa EFCC, in kuma ya matsa sai yaron ya bi shi ta wata ƙasa, ka sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Shi kuma yaron, kada a kashe masa gwiwa, kuma a zaunar da mahaifiyarsa a yi mata bayani cikin natsuwa, don ƙauna ce ta sa ta. A shekara 19 ya wuce shekarun shiga makarantar NBA da ke Saly a Senegal, amma bai makara ba. Ya nemi gurbi a ƙungiyar da ke buga gasar ƙasa, irin su Kano Pillars ko Gombe Bulls, ko ya buga wa jami'a a wasannin NUGA yana karatunsa. Zakaran Najeriya yana zuwa gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka da aka fara a 2021, kuma can masu farautar 'yan wasa na gaske suke zama. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019, a garinku ya tashi, kuma gidauniyarsa ta Giants of Africa tana shirya sansanonin horo a Najeriya. A ɗauki bidiyon cikakken wasa da abokan hamayya na gaske, daga farko har ƙarshe, har da inda ya yi kuskure. Guntun bidiyon da yake danna ƙwallo a kwando shi kaɗai a fili ba wanda zai kalla. In kana da hali ka turo mini cikakken, zan duba in gaya maka abin da ya kamata ya fara gyarawa.