Madafar Goggo: Na Daina Sa Gishiri, Amma Jinin Maigida Ya Ƙi Sauka

Assalamu alaikum Goggo. Wata uku ke nan da likita ya ce maigidana yana da hawan jini, a rage masa gishiri. Tun ranar ban sake jefa ko ƙwayar gishiri a tukunya ba, dunƙule kawai nake sawa, huɗu ko biyar, don kada miya ta yi lami. Amma duk lokacin da ya je awo, jiya-i-yau. Ina na yi kuskure?
Maman Khalifa, Gusau

Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Ƙanwata, gudun gara kika yi kika faɗa gidan zago. Dunƙulen nan da kike murmushewa, wajen rabinsa gishiri ne. Ɗauki kwalinsa ki karanta jerin abin da aka haɗa shi da shi, galibi gishiri ne a farkon layi. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne, biyar sun zama giram 20, wato kin zuba gishiri kusan giram 10 a tukunya ɗaya kina ganin ba ki sa komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini guda, kimanin cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan.

Na san za ki ce ai ba shi kaɗai yake shanye miyar ba. Haka ne. To amma sau nawa kike ɗora tukunya a rana? Ki lissafa da burodin safe, da yajin da yake barbaɗawa a kan shinkafa da wake, wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi, da tsiren da yake tsayawa ya saya a hanya ba da saninki ba. Farin magi ma ɗan gidansu ne, domin abin da ke tayar da jini a cikin gishiri, wato sinadarin sodiyom, yana cikinsa.

Akwai kuma wadda ba ki ambata ba, na kuma tabbata tana nan a kicin ɗinki cikin tsohon gwangwanin madara: kanwa. Ja ce ko fara ko ungurnu, duk sodiyom ne jigonta. Muna jiƙa ta mu tsiyaya a wake don ya yi saurin nuna, a kuɓewa don ta yi yauƙi, a ɗanwake, a kunu, ba wanda yake lissafa ta cikin gishiri tunda ba ta da ɗanɗanonsa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Ni kaina na sha kunun nan a haihuwata ta fari, kwano guda safe da yamma, kakata tana tsaye a kaina ba halin in ce a'a. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ana ta cewa ƙiba ce ta jego. Allah ne dai ya tsare.

Yanzu ga yadda za ki yi, don ba zan bar ki da miya lami ba. Koma wa daddawa. Ta kalwa nake nufi, wadda ake yi da 'ya'yan ɗorawa, in kuma kin samu ta batso, wadda ake yi da irin yakuwa, ita ma tana ɗaure miyar kuka da kyau. Sai dai ki ɗanɗana kafin ki saya da yawa, don wasu masu yin ta suna zuba gishiri saboda ta daɗe. Ni ga yadda nake yi duk ranar Asabar: daddawa ƙulli biyar, busasshen kifi guda biyu na cire ƙaya, citta, masoro, kanumfari kamar ƙwaya shida, kimba ɗaya na fasa na zubar da 'ya'yan don suna da ɗaci, da tafarnuwa busasshiya. Na shanya su su yi ƙarau, na daka a turmi, na tankaɗe, na zuba a kwalba mai murfi. Babban cokali ɗaya yana isar tukunyar mutum shida. Albasa kuma ki daina rowarta. Ki soya ta a hankali har ta yi ja kafin kayan miya su shiga, za ki ji zaƙin da kike nema a dunƙule.

Kada ki yanke masa lokaci guda, zai ture kwanon ya tafi wajen mai abinci, can kuwa ba ruwansu da jininsa. Wannan makon dunƙule uku, mako mai zuwa biyu, haka har ki tsaya a ɗaya ko ki bari gaba ɗaya. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Maigidana da ya fi kowa ƙorafi, yau in muka ci abincin biki shi ne mai cewa gishiri ya yi yawa. Ɗan abin da za ki sa kuwa ya zama gishirin leda mai sinadarin aidin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo, ki auna da cokali, ki daina ɗiba da hannu.

Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan da safe, zai nuna ba tare da kanwa ba. Kuɓewa ɗanya ki goga ta a abin goga ko ki kirɓa, ki zuba a ruwan da ke tafasa, ki burga, kada ki rufe tukunyar. Maganin da likita ya ba shi kuma ya ci gaba da sha, gyaran tukunya taimaka wa magani yake yi, ba ya maye gurbinsa.

Goggo, ni ba na son warin manja, sai na soya shi ya yi hayaƙi ya koma fari kafin in yi miya. Ƙawata ta ce ɓata shi nake yi. Da gaske ne?
Amarya, Maraɗi

Ƙawarki ta fi ki gaskiya, amarya. Jan nan da kike kora shi ne amfanin manjan. Shi jiki yake juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, yaro ya daina gani da zarar magariba ta yi. In ya yi fari kin ƙone shi, saura maiƙo kawai da hayaƙin da ya cika miki ɗaki. Ɗora shi a wuta kaɗan, da ya narke ki jefa yankakkiyar albasa, tana fara laushi ki zuba kayan miya. Warin zai tafi, launin ya zauna. In kuma ya ƙi tafiya, manjan ne ya kwana biyu ko aka gauraya shi, sai ki sauya wajen saye.

Goggo, na sayi gyaɗa tiya uku don kunun azumi, na ga wasu ƙwayoyin sun yi baƙi-baƙi da ɗan kore, wasu suna ɗaci. In na soya ta sosai ai shi ke nan ko?
Hajiya Babba, Kumasi

A'a Hajiya, suya ba ta kashe wannan. Fumfuna ce ta kama ta saboda danshi, tana kuma barin wata guba da ake kira afalatoksin, wadda wutar girki ba ta rusa ta. Ba ta kayar da mutum nan take, a hankali take cin hanta, tana kuma cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Masara ma tana yin haka, ku da kuke kudancin Gana inda damina ke da tsawo sai kun fi mu sa ido.

Baza ta a faifai da rana tsaka, ki zauna da jikoki ku tsince. Duk wadda ta canza launi, ko ta motse, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ki fitar. Kada ki ba kaji ko awaki, gubar tana bi ta cikin nono da ƙwai ta dawo gida. Ki binne ta ko ki ƙone. In kin ga lalatacciyar ta yi yawa, ko buhun yana warin ruma, ki haƙura da ita duka. Mai kyan kuma ki ƙara shanya ta kwana biyu har ki ji tana ƙara in kin girgiza, sannan ki ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, kada ya taɓa siminti.