Kallon gwaggon biri a Yankari

Tambaya: Za mu kai yara gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi. Yaya za mu kalli gwaggon biri ba tare da haɗari ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, gwaggon birin sansanin Wikki, wato masaukin baƙi da ke cikin Yankari, ya saba da mutane ƙwarai, har yakan shiga ɗaki idan an bar taga a buɗe, ko ya fizge ledar abinci daga hannun yaro. Saboda haka kada ku ba shi komai, ku adana abincinku a cikin mota. Idan babban namiji ya wage baki yana nuna fiƙoƙinsa, gargaɗi yake yi. Kada ku ƙura masa ido, ku riƙe hannun yara ku ja da baya sannu a hankali. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu, a garzaya da shi asibiti.