Tambaya da Amsa: Shin Giya Tana Buɗe wa Direba Ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni yaron mota ne, muna ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Legas. Idan dare ya yi mana bayan mun wuce Yawuri, maigidana yakan sha 'yar giyar leda ɗaya ko biyu, yana cewa tana kore masa barci, kuma da ya tauna goro sai ta sake shi. Shin akwai gaskiya a maganarsa? Daga wani mai karatu a Jega, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Hukuncin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne gare ka, don haka zan tsaya a kan abin da take yi wa mai riƙe da sitiyari.

Maigidanka ba ƙarya yake yi ba idan ya ce yana jin garau, amma jin nan da yake yi shi ne babbar matsalar. Giya tana daga cikin abubuwan da ke rage saurin aikin ƙwaƙwalwa, kuma cikin 'yan mintoci da shanta take shiga jini, musamman idan babu abinci a ciki. Sashen da take fara taɓawa shi ne na gaban ƙwaƙwalwa, wanda da shi mutum yake auna haɗari, yake kuma taka wa kansa birki. Da wannan sashe ya yi sanyi sai tsoro ya ragu, ƙarfin hali ya ƙaru, direba ya ga cewa zai iya wuce tirela a kwana, alhali da hankalinsa yana nan daram da ba zai kuskura ba. Ma'aunin da zai gaya masa cewa ya bugu shi ne giyar ta fara lalatawa, shi ya sa ba a karɓar shaidar mashayi a kan kansa.

Bayan haka sai ido da hannu su biyo baya. Ganin gefe yana raguwa, hasken fitilar motar da ke tahowa yana daɗewa bai sake shi ba, ƙiyasin tazara kuma yana rikicewa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka jinkirin daƙiƙa guda kafin a taka birki ya isa a afka wa garken shanu ko ɗan kabu-kabu a hanyar Kwantagora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin yana farawa tun giyar tana kaɗan a jini, yana kuma hauhawa sosai idan ta kai giram 0.04 a cikin kowane mililita 100. Kada ƙanƙantar ledar ta ruɗe ka, domin abin da ke cikinta ya ninka giyar kwalba ƙarfi sau da yawa.

Batun goro kuwa, babu abin da yake ragewa. Hanta ce ke fitar da giya daga jini, a hankali take aikinta cikin awanni, kuma goro ko kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗuwar giya da gajiya, domin bayan ɗan karsashin farko, barcin da aka so korewa yana dawowa da nauyin da ya fi na da.

Na san ba ƙaramin abu ba ne yaro ya yi wa maigidansa gyara. Ka same shi da rana, lokacin da bai sha ba, ku biyu kaɗai, ka roƙe shi cikin ladabi ya riƙa ajiye mota ya yi barci idan ido ya yi nauyi. Idan bai ji ba, ka kai maganar wurin shugabannin tasha ko wani dattijo da yake jin kunyarsa. Duk daren da ka ga ya sha, kana da haƙƙin ka ƙi shiga motar har sai gari ya waye.