Amsa ga wadda aka tura kula da tsoho mai HIV a unguwar Bronx ta New York

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ejensi ta tura ki gidan wani tsoho ɗan Fato Riko mai HIV, kina tsoron ɗauka. Kwantar da hankalinki, wanka da girki da wanke kwano ba sa sa a ɗauka, safar hannu kawai in akwai jini ko ciwo, kamar kowane mara lafiya. Ni shekara shida na yi da wani ɗan Jamhuriyar Dominika mai cutar, Papi nake ce masa.

Tun 1989 aka gaya masa yana da ita, lokacin AZT ne kaɗai magani, ya ce har kayan jana'izarsa ya ware. Sai 1996 haɗin magunguna ya fito, ga shi ya haura saba'in. Yanzu ma a Amurka fiye da rabin masu cutar sun kai shekara 50. Ƙwayar cutar ba a ma ganinta a gwajin jininsa, abin da ke wahalar da shi suga ne da hawan jini da ƙoda, da ƙafafu da ke masa zugi kamar ana soka allura, likita ya ce tsohon maganin HIV mai suna d4T ne ya taɓa jijiyoyin, shi ya zabge masa kumatu ma.

Ki sa ido kan magunguna sosai. Na Papi kala tara ne, wata rana na ga yana haɗa na HIV da maganin ƙwannafi mai kalsiyam, ashe yana hana wasunsu aiki, a famasi aka ce a raba lokacinsu. In za ku asibiti ki nemi tafinta mai jin Sifaniyanci, saboda tsofaffin nan "yes yes" kawai suke cewa ko ba su gane ba.

Amma wallahi kaɗaici ya fi komai cin Papi. Abokansa duk ya binne su tun 90s, danginsa kuma har yau suga suka san yana da shi, wai "qué dirán", wato me mutane za su ce, kamar dai mu. Ranar farko kofi ya haɗa min ya tsaya yana kallon ko zan sha a kofinsa. Na shanye, sai ya juya baya yana goge ido. Daga nan na lallaɓa shi ya koma wasan domino da tsofaffi a sentarsu ta unguwa, abinci ma ya fara shiga. Kuma don Allah kar ki faɗa wa kowa ciwon tsohon da za ki kula da shi, ko 'yarsa ce, doka ta hana kuma aikinki zai iya tafiya.