Waƙoƙin Turawa na lokacin yaƙin Hitila, daga ina zan fara?

Ɗan'uwa ka ce kana son irin waƙoƙin nan na zamanin yaƙin duniya na biyu amma ba ka san inda za ka kama ba. To ni dai shawarata ka fara da Glenn Miller, ɗan Amurka, shi ne gwanin kiɗan suwin, wato kiɗan babbar ƙungiya ta masu busa, wasu na jan amo wasu na amsawa, ganga na riƙe da taki a ƙasa, wallahi ƙafarka da kanta za ta fara motsi. Ya shiga soja a 1942, a Disambar 1944 jirgin saman da ya hau ya ɓace a hanyar Faransa daga Ingila, har yau ba a gan shi ba.

In kuma mai sanyaya jiki kake nema to Vera Lynn ce, 'yar Ingila, waƙoƙinta na rabuwa ne da begen gida, har Bama ta je a 1944 ta yi wa sojoji waƙa, Baman nan dai da kakanninmu suka yi yaƙi. Za ka ga waƙoƙin gajeru ne, kamar minti 3, iya abin da faifan garmaho ke ɗauka kenan a gefe ɗaya. Ka nemi tsohon ɗauka mai ƙarar allura a YouTube, ya fi wanda aka gyara daɗi nesa ba kusa ba.