Hoto kaɗai ba zai wadatar ba

Malam, ka tambaya ko ɗaukar hoton kayan gidan tarihi da waya ya isa. Gaskiya bai isa ba. Hoton da ba bayani, nan da shekara biyu ba mai sanin na mene ne. Kowane abu a ba shi lamba, a rubuta inda aka samo shi, girmansa, da abin da aka yi shi da shi. Hotunan takardun ajami a ajiye su a TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage kyau, aƙalla dpi 300 (yawan ɗigon hoto a kowane inci), domin JPEG, nau'in da waya ta saba ajiye hoto da shi, na rage kyau duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa. A yi kwafi uku na hotunan, a ajiye ɗaya a wani gari daban. Gidan tarihin Rijksmuseum na birnin Amsterdam a ƙasar Holland ya saki hotunansa kyauta tun 2012, kowanne da bayaninsa, shi ya sa masu bincike ke samunsu cikin sauƙi.